Yadda za ka hana Windows sauke ƙwaƙwalwar direban tsarin fayil zuwa faifai

Direba, wato manhajar da ke aiki a cikin Windows kanta, idan yana zaune a kan hanyar fayiloli yana da wata cuta da ba ta nuna kanta a kwamfutar wanda ya rubuta shi. A kan na'ura mai RAM gigabait 16 ko 32 zai yi makonni lafiya lau. Ran da aka ɗora shi a kan tsohuwar kwamfuta mai gigabait 4, irin waɗanda suka cika shagunan buga takardu da cibiyoyin koyon kwamfuta a cikin garin Katsina, aka buɗe Chrome da Word da CorelDRAW a lokaci guda, sai allo ya yi shuɗi. Wani lokacin ma ba shuɗin allo, na'urar ce kawai za ta sandare, ko kibiyar linzami ba ta motsi. Mai shago zai ɗora laifin a kan faifai ko a kan wutar lantarki, alhali matsalar tana cikin direbanka.

Wannan jagora ta wanda ya riga ya iya C ce, ya girka Visual Studio da WDK (kayan aikin Microsoft na rubuta direba), yana rubuta ƙaramar filta, wato direban da buƙatun fayil ke ratsawa kafin su kai ga tsarin fayil, da ke ɓoye bayanan fayil, ko mai lura da abin da ake kwafewa zuwa filasha, ko ma cikakken tsarin fayil. Na san akwai matasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman Katsina da suka fara leƙa wannan fanni, kuma ina so su shiga da ido buɗe. Abin da nake son ka riƙe tun daga nan shi ne, kulle komai a RAM ba magani ba ne. Aikin shi ne ka san wace hanya ce a cikin direbanka ba ta da ikon jira, ka tabbatar duk abin da take taɓawa yana zaune daram, sauran kuma ka bar wa Windows ta sauke zuwa faifai.

Mataki na farko: gane inda aka hana jira

Windows tana raba ƙwaƙwalwa shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4 a kan x86 da x64. Idan RAM ta yi ƙaranci, mai kula da ƙwaƙwalwa yana ɗaukar shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba ya rubuta su a faifai, galibi cikin pagefile.sys. Ran da wani zare (thread, layin aiki guda da furosesa ke gudanarwa) ya sake neman shafin, sai ya yi tuntuɓe: furosesa ta tsayar da shi, a aika buƙatar karatu zuwa faifai, zaren ya jira, shafi ya dawo, aiki ya ci gaba. Duk wannan ba laifi ba ne muddin zaren yana da ikon jira.

Wuri biyu ne ba shi da wannan iko. Na farko shi ne idan IRQL, matakin fifikon da furosesa ke aiki a kai, ya kai DISPATCH_LEVEL, wato mataki na 2. A matakin nan mai rarraba zaruruwa kansa yake aiki, don haka ba wanda zai iya kwantar da zarenka ya tada wani. Tuntuɓen shafi a nan mutuwa ce nan take: shuɗin allo mai lambar kuskure 0xD1, ko 0xA, ko 0xD3. A PASSIVE_LEVEL da APC_LEVEL, matakai na 0 da 1, tuntuɓe halas ne.

Na biyu shi ne wanda masu direban tsarin fayil kaɗai ke fama da shi, kuma shi ne ya fi wuyar ganewa. Karatun da ake yi daga pagefile.sys ta cikin tsarin fayil yake bi, wato ta cikin direbanka. To idan fankshan ɗin da zai karɓi wannan karatu shi kansa an sauke shi zuwa faifai fa? Kamar mai tsaron sito ne da ya ajiye makullin sito a cikin siton, ya ja ƙofa ta kulle. Domin a dawo da fankshan ɗin sai an karanta faifai, domin a karanta faifai sai an bi ta fankshan ɗin. A nan IRQL bai kai 2 ba, duk wani gwajin IRQL zai ce maka lafiya, amma na'ura ta sarƙe.

Saboda haka kafin ka taɓa allon rubutu, ɗauki takarda ka jera fankshan ɗinka gida uku: waɗanda za a iya kira a DISPATCH_LEVEL, waɗanda karatu ko rubutun pagefile.sys zai iya ratsawa, da sauran. Cikin gida na farko akwai DPC (aikin da aka jinkirta, ake gudanarwa a DISPATCH_LEVEL), da fankshan ɗin kammala IRP (ƙunshin buƙatar da Windows ke aiko wa direba), da fankshan ɗin bayan-aiki na filta (wanda ake kira bayan buƙata ta kammala), da duk wanda ke riƙe sifin-lok (makullin da ke ɗaga IRQL zuwa DISPATCH_LEVEL) ko na layi ɗaya ne. Kada ka manta da 'ya'yansu: duk ƙaramin fankshan da suke kira ya gaji hukuncinsu.

Mataki na biyu: raba lambobin direba

A asali, duk lambobin (code) da ka rubuta suna shiga sashen .text, kuma wannan sashe yana zaune a RAM. Kai ne da hannunka kake cewa a mayar da wani fankshan abin saukewa:

`#pragma alloc_text(PAGE, KtsPreCreate)`

Sa'an nan a layin farko na fankshan ɗin ka sa `PAGED_CODE()`. Mutane da yawa suna zaton wannan ne ke mayar da fankshan abin saukewa. A'a. Shi mai gadi ne kawai, yana duba ko IRQL ya wuce APC_LEVEL ya yi ƙara, kuma a ginin gwaji kaɗai yake yin hakan. Mai yin ainihin aikin shi ne alloc_text. Su biyun tare suke tafiya, kada ka sa ɗaya ka bar ɗaya.

Buɗe fayil, neman suna, karanta saituna daga rajista (ma'ajiyar saitunan Windows), cire direba daga aiki, duk waɗannan su tafi PAGE. DriverEntry da abin da shi kaɗai ke kira su tafi sashen INIT, wanda ake zubarwa da zarar direba ya gama tashi. Amma fankshan ɗin karatu da rubutu, na gaban aiki da na bayan aiki, ka bar su a .text. Idan kana shakka a kan wani fankshan, bar shi zaune. Kilobait kaɗan na RAM ba su kai darajar aikin ɗalibar da ta kwana tana buga kundinta ba.

Bayan gini, duba da idonka: `dumpbin /headers` zai nuna maka sassan da girmansu, fayil ɗin taswira da linka ke fitarwa kuma zai nuna wane fankshan ne ya faɗa wane sashe.

Mataki na uku: sashen da ake kullewa lokacin buƙata

Akwai lambobin da ke aiki a DISPATCH_LEVEL amma ba kullum ake buƙatarsu ba. Misali filtarka tana ɓoye bayanai ne kawai idan an cusa filasha. Babu dalilin da zai sa waɗannan lambobi su zauna a RAM tun safe har dare a kwamfutar da ba a cusa mata komai ba. Ka ba su sashensu na daban. Sunan dole ya fara da PAGE da manyan baƙaƙe, sai ƙarin haruffa da ba su wuce huɗu ba, kamar PAGEUSB.

Lokacin da filasha ta farko ta shigo, kana PASSIVE_LEVEL, ka kira `MmLockPagableCodeSection` da adireshin kowane fankshan da ke cikin sashen. Zai jawo sashen gaba ɗaya ya kulle, ya ba ka hannu (handle), wato shaidar da za ka riƙa ambaton sashen da ita. Adana hannun nan. Kiran farko yana da tsada domin sai an bincika a gano sashen. Daga baya `MmLockPagableSectionByHandle` ya fi sauƙi. Idan filasha ta ƙarshe ta fita, sai `MmUnlockPagableImageSection`. Kanel, wato zuciyar Windows, tana ƙidaya: kulle uku yana buƙatar saki uku, kuma dole lissafi ya koma sifili kafin a cire direba daga aiki. Bayanai ma haka, ka sa su a sashensu da `#pragma data_seg`, ka kulle da `MmLockPagableDataSection`. Kada ka cakuɗa lambobi da bayanai a sashe ɗaya.

Inda ake zamewa shi ne wajen saki. Kafin ka saki sashen ka tabbatar babu sauran buƙata a hanya, babu agogon da ka ɗana, babu DPC a layi. Buƙata ɗaya da ta makara ta kammala bayan ka saki ta isa ta kashe na'ura, kuma ba ranar za ta yi ba, sai ranar da RAM ta cika.

Akwai kuma `MmPageEntireDriver` da ke mayar da direba dungurungum abin saukewa, da `MmResetDriverPaging` da ke warware shi. Ga direban da ke kan faifan da Windows ke zaune, shawarata kada ka kusance shi.

Mataki na huɗu: rumbun da kake ɗiba

Kanel tana da rumbun ƙwaƙwalwa biyu, wanda ake saukewa da wanda yake zaune. Daga Windows 10 sigar 2004, hanyar ɗiba ita ce `ExAllocatePool2`, da POOL_FLAG_PAGED ko POOL_FLAG_NON_PAGED. Tana share abin da ta ba ka da sifili, kuma rumbunta na zaune ba a iya gudanar da lambobi a cikinsa. Idan dole ka tallafa wa tsofaffin sigogi, yi amfani da NonPagedPoolNx da ya zo da Windows 8, domin tsohon NonPagedPool ba ya jituwa da HVCI, kariyar da ke hana gudanar da lambobin da ba a tantance ba a cikin kanel. Ka ba kowane irin ɗiba alamarsa ta haruffa huɗu. Idan ka rubuta 'nstK' a lambobinka, Poolmon, manhajar duba rumbunan kanel, zai nuna maka Ktsn, ka gane naka cikin ɗaruruwa.

Me ya wajaba ya zauna? Duk abin da mai rarraba zaruruwa ke taɓawa: KEVENT, KMUTEX, KSEMAPHORE, KTIMER, KDPC, sifin-lok, FAST_MUTEX, ERESOURCE. Sai SECTION_OBJECT_POINTERS. Sai duk abin da kake karantawa alhali kana riƙe da sifin-lok. A nan ne ake yawan faɗawa rami: a ɗibi ƙullin jeri daga rumbun zaune, amma sunan fayil ɗin da ƙullin ke nunawa yana rumbun saukewa, sai a kwatanta sunaye ƙarƙashin sifin-lok. Ƙulli na zaune, suna ya tafi faifai, allo ya yi shuɗi.

Je ka karanta FastFat, misalin da Microsoft ta saka a ma'ajiyarta ta Windows-driver-samples a GitHub. Dubi yadda aka tsaga FCB, tsarin da ke riƙe bayanan kowane buɗaɗɗen fayil, gida biyu: babban ɓangare yana rumbun saukewa, ƙaramin da ake kira NON_PAGED_FCB shi ke ɗauke da abin da ba a yarda ya motsa ba. Idan kuwa fayil ɗin na musayar shafuka ne, irin pagefile.sys, duka FCB ɗin daga rumbun zaune ake ɗiba, kuma karatu da rubutunsa suna bi ta gajeriyar hanya ta daban, FatPagingFileIo, wadda ba ta cikin PAGE. Wannan tsari ya cancanci kwaikwayo. Kwamfutar da ke da dubban fayiloli a buɗe, idan kowane ɗaya ya ci kilobait biyu na rumbun zaune ba gaira ba dalili, RAM ɗin mai ita kake cinyewa.

Mataki na biyar: kauce wa pagefile.sys, ko ka shirya masa

Ga mai filta, hanya mafi aminci ita ce kada ka shiga wannan sabga sam. A fankshan ɗinka na gaban IRP_MJ_CREATE, wato buƙatar buɗe fayil, duba ko SL_OPEN_PAGING_FILE na cikin OperationFlags. Idan yana nan, mayar da FLT_PREOP_SUCCESS_NO_CALLBACK. A karatu da rubutu kuma `FsRtlIsPagingFile` zai faɗa maka ko fayil ɗin shi ne, ka wuce da buƙatar ƙasa ba tare da ka taɓa komai ba. Amma lura: fankshan ɗin da ke yin wannan tambaya shi kansa an riga an shigo cikinsa, don haka dole ya kasance zaune. Tambayar ta zama abu na farko, kafin kiran kowane fankshan na PAGE.

Idan filtarka ba ruwanta da buƙatun mai kula da ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, sa FLTFL_OPERATION_REGISTRATION_SKIP_PAGING_IO wajen yi wa filtar rajista, ka huta. Mai ɓoye bayanai kam ba shi da wannan gata, domin ainihin rubutun da ke sauka a faifai sau da yawa da alamar IRP_PAGING_IO yake zuwa. Ka bambanta abu biyu: buƙata mai wannan alama a kan fayil na yau da kullum, da buƙata a kan pagefile.sys. A ta farko tuntuɓen shafi yana yiwuwa amma da taka-tsantsan, a ta biyu haramun ne kwata-kwata. A dukansu kada ka nemi sunan fayil, kada ka buɗe wani fayil, kada ka jira manhajar da ke sama ta ba ka amsa, domin ita ma wataƙila shafin da kake riƙe da shi take jira.

Sai batun fankshan ɗin bayan-aiki. Ana iya kiransa a DISPATCH_LEVEL, kuma `FltGetStreamContext` ba ya halatta a can. Dabarar ita ce ka ɗauko duk abin da za ka buƙata tun a fankshan ɗin gaba, ka zuba a ƙaramin tsari daga rumbun zaune, ka miƙa ta CompletionContext. Misalin swapBuffers da ke waccan ma'ajiyar Microsoft haka yake yi. `FltDoCompletionProcessingWhenSafe` yana iya tura aikinka ga wani zare, amma ba zai tura buƙata mai alamar IRP_PAGING_IO ba, don haka ka duba amsar da ya mayar.

Abu na ƙarshe a nan, kuma ina ganin shi aka fi yi wa sakaci. Yaushe ne Windows ke rubuta shafuka zuwa faifai da gaggawa? Lokacin da RAM ta ƙare. Wato a daidai lokacin da ɗibarka za ta iya dawowa da NULL. Idan kai kuma ka ce ba za ka wuce da rubutun ba sai ka sami ƙwaƙwalwa, ka toshe hanyar da ƙwaƙwalwar za ta samu. Tanadi ajiya tun direba na tashi: 'yan bafa kaɗan, wato guntayen ƙwaƙwalwa na ajiye bayanai, da ba a taɓa su sai ɗiba ta gaza, a jera buƙatu a bi da su ɗaya bayan ɗaya. Tafiya a hankali ce, amma ana tafiya.

Mataki na shida: bafar mai amfani

Tsarin fayil yana karɓar adireshin bafar manhaja tsirararsa a Irp->UserBuffer. Adireshin yana da ma'ana ne kawai a cikin manhajar da ta aiko shi, kuma shafukansa na iya tafiya faifai kowane lokaci. Idan za ka taɓa shi daga wani zare, ko a fankshan ɗin kammalawa, sai ka kulle shi tun kana cikin zaren mai buƙata.

Kira `IoAllocateMdl` ka sami MDL, wato jerin shafukan da bafar ta ƙunsa, sa'an nan `MmProbeAndLockPages` a cikin `__try` da `__except`, domin idan adireshin na banza ne ba lambar kuskure yake mayarwa ba, jifan kuskure (exception) yake yi. Ba shi Irp->RequestorMode. Wajen nau'in izini kuwa a nutsu: buƙatar karatu tana son IoWriteAccess, tunda kai za ka rubuta cikin bafar, buƙatar rubutu tana son IoReadAccess. Daga nan `MmGetSystemAddressForMdlSafe` da NormalPagePriority haɗe da MdlMappingNoExecute, ka kuma duba NULL kowane lokaci. Idan ka gama, `MmUnlockPages` sannan `IoFreeMdl`.

Sai dai ka san na wane ne MDL ɗin. Wanda ka rataya a Irp->MdlAddress, mai kula da shige da fice zai saki ya zubar idan buƙata ta kammala. Wanda `FltLockUserBuffer` ya ƙirƙira, ba kai za ka zubar ba. Wanda ya zo da buƙata mai IRP_PAGING_IO, an riga an tsare shafukansa, kada ka sake kullewa. Wanda ka gina da `MmBuildMdlForNonPagedPool`, kada ka kira masa `MmUnlockPages`. Kuma idan manhaja ta miƙo maka bafa mai megabait ɗari biyar, yanka ta gunduwa-gunduwa, kada ka kulle duka a na'ura mai gigabait 4.

Mataki na bakwai: sitak ɗin zare

Sitak ɗin kanel, kilobait 12 a x86 da 24 a x64, shi ma ana iya fitar da shi idan zare yana jira a matsayin UserMode. Idan ka ajiye KEVENT a sitak, ka ba fankshan ɗin kammalawa adireshinsa, to `KeWaitForSingleObject` dole ya kasance da KernelMode. In ya zama tilas ka jira a UserMode, `KeSetKernelStackSwapEnable` yana hana fitarwar, amma ka mayar da shi yadda yake kafin zaren ya mutu, in ba haka ba 0x94 na jiranka.

Mataki na takwas: tilasta wa cutar ta fito

Duk abin da ya gabata zato ne har sai ka gwada. Gina kwamfutar gwaji a Hyper-V ko VirtualBox, ka ba ta RAM gigabait 2, ka ɗauki hoton yanayinta kafin ka fara domin komawa ta yi sauƙi. Haɗa WinDbg, manhajar bin diddigin kurakurai. Sai ka kunna Verifier, mai gwada direbobi:

`verifier /standard /driver ktsfilta.sys`

Cikin abubuwan da wannan ke kunnawa akwai tilasta binciken IRQL: duk sanda direbanka ya ɗauki sifin-lok ko ya hau DISPATCH_LEVEL, sai a kwashe shafukan saukewa daga hannunsa da gangan. Kuskuren da zai ɗauki wata uku kafin ya bayyana a shagon wani a Ƙofar Ƙaura, a nan cikin minti kaɗan zai fito. Ƙara da kwaikwayon ƙarancin kayan aiki, wanda ba ya cikin /standard, ka ga yadda direbanka ke yi idan ɗiba ta gaza. Sa'an nan ka cika RAM da Testlimit na Sysinternals alhali ana kwafe manyan fayiloli, domin sarƙewar pagefile.sys sai da matsi na gaske take nuna fuska.

Idan allo ya yi shuɗi da 0xD1, `!analyze -v` a WinDbg zai ba ka ƙimomi huɗu: adireshin da aka taɓa, IRQL, irin taɓawar, da adireshin umarnin da ya taɓa. Idan na farko da na huɗu iri ɗaya ne, fankshan ɗin kansa aka sauke, koma mataki na biyu. Idan sun bambanta, bayanai ne, `!pool` a kan adireshin zai nuna rumbun da alamarka, `!pte` kuma ya tabbatar shafin ba ya nan.

Rajista tana da ƙima biyu a ƙarƙashin Session Manager\Memory Management da ya kamata ka sani. TrackLockedPages, idan ka sa shi 1, yana sa kanel ta riƙa rubuta wanda ya kulle kowane shafi. Maimakon 0x76 da ba ya faɗin mai laifi, sai ka sami 0xCB da ke nuna inda aka kulle aka manta. Ɗayar ita ce DisablePagingExecutive, wadda ke hana sauke lambobin direbobi. Za ka ga masu gyara suna kunna ta da sunan ƙara sauri, kuma wani zai ba ka shawara ka kunna wa kwastoma domin shuɗin allo ya daina. Kada ka yarda. Rufe ciwon take yi, ba ta taɓa rumbun saukewa ba, kuma ranar da aka sake girka Windows matsalar za ta dawo. A na'urar gwajinka tabbatar tana 0.

Kafin ka miƙa direban ga kowa, bar shi ya kwana yana aiki ƙarƙashin Verifier, da safe ka buɗe Poolmon ka duba alamarka. Idan adadin Ktsn a rumbun zaune yana hawa ba ya sauka bayan an rufe fayiloli, akwai yoyo, ka nemo shi da `!poolused` da `!verifier`. RAMMap kuma zai nuna maka jimillar shafukan da direbobi suka kulle. Rubuta adadin kafin ka ɗora naka, ka sake dubawa bayan ka sauke shi da `fltmc unload`, ya kamata ya koma kusa da inda yake. Idan komai ya daidaita, kashe gwajin da `verifier /reset`, ka sake kunna na'urar, sannan ka maimaita kwafe fayilolin a kan ainihin tsohuwar kwamfuta mai faifan da ke juyawa, domin jinkirin irin wannan faifai yana fito da tseren zaruruwa da na'urar gwaji mai SSD ke ɓoyewa.